Amanar Matani da Kiran Kasuwa: Darasi daga Rikicin Ulysses

Akwai kalmomin da masu ɗab'i ke son ɗorawa a bangon tsohon littafi duk lokacin da suka sake fito da shi kasuwa: sabon bugu, gyararren matani, cikakken bugu. Ɗalibi kan gan su ya saki jiki, a zatonsa malamai sun riga sun zauna sun tace, abin da ya rage masa karatu kawai. Sau da yawa zaton nasa daidai ne. Sai dai kalmomin nan daga bakin mutum biyu suke fitowa. Masani yana furta su domin ya bayyana aikin da ya yi a kan matani, ɗan kasuwa kuma yana furta su domin ya sake sayar da littafin da kowa ya riga ya mallaka. Idan muradun biyu suka zo ɗaya, adabi ya ci riba. Idan suka saɓa, bangon littafi ba ya sanar da kowa.

Ga wanda ya zaɓi nazarin harshe, maganar tana da nauyi, domin matani shi ne hujjarsa. Duk misalin da zai kafa a kundinsa, duk ƙidayar kalmomi ko nazarin jimla da zai yi, a kan wani bugu yake tsaye. Bugun nan kuwa wani mutum ne ya shirya shi, wani kamfani ya biya kuɗinsa, a ƙarƙashin wata doka da ke faɗin wanda zai ci ribarsa da yawan shekarun da zai ci. Babu mai neman edita ya guji kuɗi, tun da littafi ba ya buga kansa. Abin da ake nema gare shi shi ne ya bar sawu: ya faɗi kwafin da ya dogara a kai, ya nuna kowane wuri da ya taɓa, kada kuma a janye tsohon matani daga hannun jama'a kafin a gama jayayya a kan sabo. Rikicin da aka yi kan littafin Ulysses na James Joyce tsakanin 1984 da 1990 ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da waɗannan sharuɗɗa, ko da kuwa masanin da ya yi aikin mai gaskiya ne.

Littafin da aka haifa da kurakurai

An buga Ulysses a birnin Paris ranar 2 ga Fabrairu 1922, ranar da marubucinsa, ɗan ƙasar Ailan, ya cika shekara 40. Sylvia Beach, wata Ba'amurkiya mai kantin littattafai da ake kira Shakespeare and Company, ita ta ɗauki nauyin bugun, kwafi 1,000, aka kuma jera haruffan a maɗaba'ar Darantiere da ke Dijon. Masu jera haruffan Faransawa ne, littafin kuwa da Ingilishi aka rubuta shi, Ingilishin ma wanda aka cika da ƙirƙirarrun kalmomi da jimlolin da aka karya da gangan. Kafin ya kai gare su ya bi ta hannun masu buga tafireta da dama, kowanne da irin nasa tuntuɓen. Joyce kansa yana fama da ciwon ido, kuma duk lokacin da aka kawo masa shafukan gwaji sai ya cika gefensu da ƙari, har aka ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin a kan shafukan gwaji aka rubuta shi. Saboda haka bugun farko ya fito ɗauke da ƴar sanarwa, inda mai bugawa ta nemi afuwar masu karatu kan kurakuran ɗab'i.

Bugun da suka biyo baya sun gyara wasu kurakuran, sun kuma haifi wasu. Da kotu a Amurka ta ɗage haramcin littafin a watan Disamba 1933, kamfanin Random House ya yi gaggawar fito da shi a farkon 1934, sai daga baya aka gane cewa kwafin da aka jera daga gare shi na wani bugun sata ne mai cike da kurakurai. An sake jera littafin a Ingila a 1960, a Amurka a 1961, kuma waɗannan biyun ne ɗalibai suka karanta shekara da shekaru. Babu masanin da ya musa cewa matanin yana buƙatar gyara.

A 1977 Hans Walter Gabler, malami a Jami'ar Munik ta ƙasar Jamus, ya fara aikin tare da mataimaka biyu, da tallafin hukumar bincike ta Jamus, da kuma izinin magadan Joyce. An naɗa mashawarta uku: Richard Ellmann, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Joyce, da Philip Gaskell, masanin tarihin ɗab'i, da Clive Hart. Gabler ya yi amfani da kwamfuta wajen gwama kwafi da kwafi, abin da a lokacin baƙo ne a wannan fage. Hanyar da aka saba bi a Ingila da Amurka ita ce a ɗauki bugu ɗaya a matsayin tushe, a gyara shi inda hujja ta tilasta. Shi kuwa ya bi wata hanya dabam. Ya tattara abin da Joyce ya rubuta da hannunsa, tun daga tsabtataccen kwafin da ke ajiye a gidan tarihi na Rosenbach a Filadelfiya har zuwa ƙarin da ke gefen shafukan gwaji, ya harhaɗa su ya gina matani guda wanda bai taɓa zama a takarda ɗaya ba a rayuwar marubucin.

A watan Yuni 1984 aikin ya fito a juzu'i uku daga kamfanin Garland na Niyok. A shafin hagu ana ganin tarihin kowace jimla, da alamomin da ke nuna matakin da kowace kalma ta shigo. A shafin dama ana ganin matanin karatu. Jaridu suka yaɗa cewa an gyara kurakurai kusan 5,000. Gyaran da ya fi jan hankali shi ne wasu ƴan layuka da aka maido a babi na tara, waɗanda ke cikin kwafin Rosenbach amma babu su a bugun 1922. A cikinsu ne ake samun amsar wata tambaya da ke damun ɗaya daga cikin taurarin littafin, amsar kuwa ita ce ƙauna. A ganin Gabler, idon mai tafireta ne ya tsallake su. Wasu masana suka ce babu abin da zai hana a ce Joyce ne ya cire su da kansa a wani kwafi da ya ɓata, tun da ya karanta shafukan gwaji sau da yawa bai maido su ba. Wannan saɓani ne na ilimi, irin wanda ake so, kuma bugun 1984 ya ba kowane ɓangare kayan jayayya, domin hujjojin suna shimfiɗe a gaban kowa.

Agogon haƙƙin mallaka

Joyce ya rasu a Zurik a watan Janairu 1941. Dokar Ingila ta wancan lokaci tana kare littafi shekara 50 bayan rasuwar marubuci, wato daga 1 ga Janairu 1992 kowane kamfani na iya buga Ulysses ba tare da ya biya magada ko ya nemi izininsu ba. Littafin kuwa yana cikin manhajar jami'o'i masu yawa, ana sayen dubban kwafi duk shekara. Hanyar da ta rage ta tsawaita ribar ita ce a samar da matanin da ya bambanta da tsoho har doka ta ɗauke shi sabon aiki mai haƙƙin kansa, a kuma sa jama'a su yarda cewa shi kaɗai ne sahihi.

Wannan tarko bai tsaya kan Joyce kaɗai ba. Doka tana saka wa sabon abu, ilimin tace matani kuwa sau da yawa kamewa yake buƙata. Editan da ya shekara bakwai yana bincike, ya dawo ya ce tsohon bugu ya yi daidai a mafi yawan wurare, ƴan ɗaruruwan gyara kawai ya samu, ya yi aikin ilimi cikakke, amma bai kawo abin da lauya zai kare a kotu ko ɗan talla ya rubuta a bango ba. Wanda ya zo da canji dubbai ya kawo duka biyun. Ba sai an umarci kowa ya yi ƙarya ba. Ya isa a ce duk inda hujja ta rabu biyu, ɓangaren canji ne ke da mai mara masa baya, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da ke kan wanda ya ci ladan kuturu.

A 1986 aka fito da bugun kasuwa a juzu'i ɗaya, daga Random House a Amurka, da Bodley Head da Penguin a Ingila. An ɗauki shafukan dama aka bar na hagu, aka rubuta a bango cewa wannan shi ne gyararren matani, aka kuma daina buga na da. Ɗalibin da ya shiga kanti sai ya tarar da zaɓi ɗaya tak, kuma babu abin da zai nuna masa a cikin shafi cewa wannan waƙafi ko waccan kalma hukuncin edita ce wadda wasu masana ba su yarda da ita ba. A juzu'i uku mai karatu yana da ikon ya ƙi hukuncin Gabler a kowane layi; a juzu'i ɗaya an karɓe masa wannan iko ba tare da an gaya masa ba.

Harafi ɗaya da tarin wasiƙu

John Kidd, wani matashin masani Ba'amurke, ya fara suka tun 1985 a taron masu nazarin matani a Niyok, ba a saurare shi sosai ba. A watan Yuni 1988 ya buga maƙala a mujallar New York Review of Books inda ya kira aikin abin kunya, sai maganar ta fita daga zauren malamai ta shiga jaridu. Misalin da ya fi kama hankalin jama'a ƙarami ne ainun. A ƙarshen babi na goma akwai jerin sunayen wasu masu tsere, ɗaya daga cikinsu Thrift. Bugun 1922 ya rubuta sunan daidai, sabon bugu kuwa ya mai da shi Shrift. Harry Thrift mutum ne na gaske, sananne a Dablin, kuma Joyce ya shahara da ɗauko sunayen mutanen garinsu yadda suke. Wani suna, Buller, shi ma ya koma Culler. Kidd ya danganta irin wannan da dogaro ga hoton rubutun hannun a maimakon asalinsa da ke Filadelfiya, domin hoto ba ya raba tawada da fensir, ko ya nuna inda aka goge, yadda ido ke gani a kan takarda.

A watan Disamba na shekarar, Charles Rossman ya buga a wannan mujalla abin da ya gano a wasiƙun da aka yi musaya a kan aikin. Wasiƙun sun nuna cewa Gaskell da Hart sun yi ta jayayya da Gabler kan hanyarsa da yawan canje-canjensa tun kafin a buga, sun kuma nuna cewa wakilin magada yana da batun sabon haƙƙin mallaka a zuciya lokacin da ake wannan jayayya. Mai sayen littafi bai san da komai daga wannan ba sai da wani ya tono akwatin wasiƙu. A 1989 Gaskell da Hart suka fito da nasu littafin, suka jera gyare-gyaren da suke ganin ya kamata a yi wa matanin 1922 da na 1961 da na 1984. Random House ya naɗa kwamitin masana, kwamitin bai fito da hukunci ba, a 1990 kamfanin ya maido da matanin 1961 kasuwa. Daga baya aka cire kalmar gyararre daga bangon sabon bugun, aka sa sunan Gabler a madadinta. Wannan sauyin suna ya fi yawancin abin da aka faɗa a rikicin amfani, domin ya gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunsa: karatun mutum ɗaya, masani, wanda ake iya yarda da shi ko a saɓa masa.

Adalci ga kowane ɓangare

Ba daidai ba ne a ɗauki labarin nan a matsayin na edita maci amana da jarumin da ya tona shi. Babu hujjar da ta nuna cewa Gabler ya canza kalma ko ɗaya domin kuɗi. Da yawa daga gyare-gyarensa kowa ya yarda da su, kuma har yau da lambobin layukan bugunsa masana Joyce ke ambaton wurare a littafin. Kidd kuwa ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Norton cewa zai fito da nasa bugun, bugun bai taɓa fitowa ba. Suka ta fi gini sauƙi. Laifin ya faɗo ne a tsakanin teburin masani da kantin littattafai, a wurin da aka yanke shawarar sunan da za a sa a bango, da abin da za a cire, da abin da za a daina bugawa. Masani da ya miƙa aikinsa ya juya baya a wannan mataki ya bar rabin amanarsa a hannun wanda lissafinsa dabam ne.

Masu ɗab'i suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Juzu'i uku masu cike da alamomi tsada gare su, ƴan kaɗan ne za su saya, kuma mai karatu na yau da kullum labari yake so. Idan babu kariyar doka, wa zai zuba kuɗi a aikin shekara bakwai wanda wani zai kwafa gobe? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ita ta sa dokar Jamus ta ware wa bugu na ilimi kariya ta shekara 25, dabam da ta marubuci. Amma hujjar tsada ba ta kai inda ake kai ta ba. Bayan haƙƙin ya faɗi a 1992, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fito a 1993 da matanin 1922 a ƙaramin littafi mai sauƙin kuɗi, wanda Jeri Johnson ta shirya, ɗauke da tarihin bugun da jerin kurakuran da Joyce ya nuna da kansa. Ƴan shafuka a ƙarshen littafi sun isa a riƙe amana.

Kasuwa kuma tana da wani kiran, na sauƙaƙawa. Bayan Tarayyar Turai ta ƙara wa'adin kariya zuwa shekara 70, abin da ya maido da Ulysses hannun magada a Ingila daga 1996 zuwa ƙarshen 2011, Danis Rose ya fito a 1997 da bugun da aka tallata a matsayin na mai karatu. Ya shigar da alamomin rubutu inda Joyce ya bar su, ya raba kalmomin da marubucin ya haɗe, duk domin karatu ya yi santsi. Magada suka kai ƙara, kotu a Landan ta yanke a 2001 cewa an keta haƙƙinsu. Abin lura shi ne kotun ta duba wanda ya mallaki kalmomin. Ko kalmomin daidai ne, wannan ba hurumin alƙali ba ne, kuma babu mai yanke shi sai masana.

Waɗanda suka yi karatun adabin Faransa sun san irin wannan agogo. Littafin Marcel Proust mai juzu'i bakwai ya fita daga kariya a 1987, kuma a daidai lokacin ne kamfanin Gallimard ya fara fito da sabon bugunsa a jerin Pléiade ƙarƙashin jagorancin Jean-Yves Tadié, juzu'i huɗu tsakanin 1987 da 1989 a madadin uku na 1954, cike da tsofaffin zayyane-zayyanen marubucin da ba a taɓa bugawa ba. Aikin ilimi ne babba, kuma lokacin fitowarsa lissafin kasuwa ne. Duka biyun gaskiya ne, ɗalibi kuma ya kamata ya riƙe su tare.

Gemun ɗan'uwa

Ɗalibin Hausa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai na iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Amma agogon nan yana tafiya a kan adabin Hausa ma. Dokar Najeriya tana kare aiki shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Bisa wannan lissafi, wa'adin waƙoƙin Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, zai cika a ƙarshen 2028. Na Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, a ƙarshen 2036. Na Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, a ƙarshen 2051. Waƙoƙin ƙarni na 19 kuwa, irin na Nana Asma'u, tuni ba su da mai tsaronsu sai masana. Duk littafin da ke cikin manhajar jarrabawa zai sami masu rige-rigen buga shi, kowa da nasa sabon bugun, kuma waɗannan kwafi ne za su tsallako iyaka su cika kantunan da ɗaliban Nijar ke saye.

Matsin da ya fi kusa da matanin Hausa shi ne na kasuwar makaranta, wadda ke son komai da daidaitacciyar Hausa. A nan wajibi ne a raba abu biyu. Daidaita rubutu, kamar a rubuta ƴ yadda ƙa'idar Nijar ta 1999 ta tanada a inda Najeriya ke rubuta 'y, bai taɓa harshen marubuci ba. Daidaita karin harshe kuwa shiga gonar marubuci ne. Mawaƙin Sakkwato ko Gobir da ya ce munka, idan edita ya mai da ita muka domin ɗan makaranta, ya sauya gaɓa mai nauyi da marar nauyi, karin waƙar ya karye. Wanda zai zo daga baya ya nazarci arulin waƙar zai ɗora wa mawaƙi laifin da edita ya yi, wanda kuma zai nazarci tarihin karin harshen yamma zai tarar an share masa hujja. Haka nan juya ajami zuwa boko: ajami kan nuna tsawon wasali, boko na yau da kullum ba ya nunawa, don haka bugun da ya kawo boko kaɗai ya zubar da wani abu da ke cikin asali ko da bai canza kalma ɗaya ba.

Darasin Thrift ma yana da gurbi. Cibiyar IRSH a Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, tarin da Boubou Hama ya aza harsashinsa, ban da waɗanda ke hannun iyalan malamai a garuruwa. Yau aiki da hoton wayar salula ko fotokofi ya zama ruwan dare, domin tafiya tsada gare ta, lokacin ajiye kundi kuma ba ya jira. Amma marubutan da sukan sa wasulla da jar tawada, fotokofi kuwa baƙi da fari ne; ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, ƙura ko cin gara kuma na iya zama ɗigo a hoto. Wanda bai sami ganin asali ba bai yi laifi ba, muddin ya faɗa a gabatarwarsa cewa da hoto ya yi aiki. Haka wanda ya rubuta waƙar baka daga kaset: idan ya haɗa baitocin zama uku ya fitar da waƙa guda, ya yi irin aikin Gabler, ya gina matanin da mawaƙi bai taɓa rerawa a zama ɗaya ba. Yana iya zama aiki mai amfani, amma sai an faɗa, an kuma nuna inda aka ɗinke.

Akwai kuma matsin da ke kan malamai da ɗalibai su kansu. Ƙarin girma a jami'a yana tafiya da yawan abin da aka buga, kuma akwai kamfanonin da ke aiko saƙo ta intanet suna tayin mai da kundi littafi cikin ƴan makonni, ba tare da wani masani ya karanta shi ba. Tsohuwar waƙar da aka buga ta wannan hanya da kurakuranta takan zama ita ce madogara, domin ita ke da bango da lamba, ita ake iya ambato, asalin kuwa yana cikin gafaka a wani zaure. Gyara kuskuren da ya riga ya shiga kundi goma ya fi wuya nesa da hana shi shiga na farko.

Abin da ake nema ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a Katsina da Agadas da Sakkwato sun gaji al'adar muƙabala, wato gwama sabon kwafi da wanda aka kwafa daga gare shi. Idan sun tarar da abin da ya faɗi, sukan rubuta shi a hashiya su sa alamar sahha, yadda mai karatu zai ga cewa an taɓa wurin. Da yawa sukan rufe da ambaton sunansu, mawaƙa kuma sukan saka shekarar waƙa a ramzi. Sun san cewa hannun mai kwafi ba hannun mai littafi ba ne, suka kuma bar alamar da za ta raba su.

Sassan nazarin harshe na iya mai da wannan ƙa'ida ba tare da kashe ko dala ba. Duk kundin lisansi ko na mastar da ya ƙunshi tsohon matani ya zo da bayanin kwafin da aka yi aiki da shi da inda yake ajiye, da jerin kowane canji da aka yi masa, da hoton shafukan asali gwargwadon hali. Malamin da kamfani ya nemi ya sa sunansa a kan sabon bugu ya sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba za a cire waɗannan shafuka ba, kuma ba za a rubuta a bango abin da shi ba zai iya karewa a gaban abokan aikinsa ba. Ɗalibi kuma, kafin ya ciro misali daga kowane tsohon littafi, ya buɗe shafin da ke bayan take ya nemi amsar tambaya uku: daga wane kwafi aka buga, wa ya shirya, me ya canza? Idan littafin ya yi shiru, sai ya rubuta a kundinsa cewa ya yi shiru, ya ambaci shekarar bugun da ya yi aiki da shi, domin wanda zai biyo bayansa ya san inda zai fara dubawa.